Yadda Bakteriya Masu Cutar da Tsirrai Ke Sarrafa Ƙwayoyin Gadon Jure wa Jan Ƙarfe

Tsakure

Fiye da shekara 130 ke nan manoma suna dogaro da magungunan feshi masu ɗauke da jan ƙarfe domin kare amfanin gona, kuma har yau su ne kan gaba wajen yaƙi da cututtukan da bakteriya ke haddasa wa tumatir da tattasai da lemo da sauran itatuwan marmari. Sai dai tun daga shekarun 1980 aka fara samun bakteriyar da feshin ba ya kashewa. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda irin waɗannan bakteriya ke sarrafa ƙwayoyin gadon da ke ba su juriya. An nuna cewa aikin waɗannan ƙwayoyin gado ƙasa-ƙasa yake a mafi yawan lokaci, sai bakteriya ta ji alamar jan ƙarfe sannan ta buɗe su. An duba hanyoyi uku na wannan sarrafawa, wato tsarin CopRS da furotin CopL da dangin CueR, tare da wata dabara ta daban da ake samu a cutar shinkafa. Daga ƙarshe an fito da abin da wannan ke nufi ga mai feshi a gona da mai gwaji a ɗakin bincike.

Fitilun Kalmomi: jan ƙarfe, bakteriya, ƙwayoyin gado, juriya, cututtukan tsirrai

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1882, masanin tsirrai na Jami'ar Bordo da ke Faransa, Pierre-Marie-Alexis Millardet, ya lura da wani abu a gonakin inabi na yankin Medok. Masu gonakin kan yayyafa wa inabin da ke bakin hanya wani haɗi na salfet ɗin jan ƙarfe da farar ƙasa don masu wucewa su ji ƙyamar tsinka. Ya ga cewa itatuwan da aka yayyafa wa haɗin ba su zubar da ganye ba, alhali cutar funfuna ta cinye na cikin gona. A 1885 ya bayyana sakamakon gwaje-gwajensa, kuma daga nan aka samu abin da ake kira haɗin Bordo. Ko da yake don cutar funfuna aka fara amfani da shi, daga baya an gano cewa jan ƙarfe yana kashe bakteriya ma.

Muhimmancin wannan ya fito ne daga ƙarancin abin da zai maye gurbinsa. Magungunan funfuna iri-iri ne a kasuwa, amma na bakteriyar tsirrai ba su taka kara sun karya ba. An gwada fesa maganin sitireftomaisin, sai bakteriyar da ke sa ɗigo-ɗigo a ganyen tumatir da tattasai ta bijire masa a jihar Fulorida ta Amurka tun farkon shekarun 1960. Ƙasashe da dama, ciki har da na Tarayyar Turai, ba su amince a riƙa fesa irin waɗannan magunguna na asibiti a gona ba. Saboda haka nauyin ya koma kan jan ƙarfe kusan shi kaɗai.

A 1983, Marco da Stall na Jami'ar Fulorida suka ba da rahoton cewa wasu zuri'o'in bakteriyar Xanthomonas da ke cutar da tattasai sun daina jin feshin jan ƙarfe. Bayan shekara uku aka tabbatar da cewa juriyar gado ce da ke iya tsallakawa daga wata bakteriya zuwa wata. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda bakteriya ke sanin lokacin da za ta yi amfani da wannan gado, domin a nan ne ake gane dalilin da ya sa feshi ɗaya yake ci a wata gona ya kuma kasa a wata.

1.1 Kalmomin Fannu

A cikin maƙalar, jan ƙarfe na nufin sinadarin da masana kimiyya ke wa alamar Cu, ban da tagullar da aka gauraya da wani ƙarfe. Yana zuwa a narke ta siffa biyu, Cu(I) da Cu(II), gwargwadon yawan lantarkin da ya rasa. Ƙwayar gado ita ce yanki na zaren DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda. Idan ƙwayoyin gado da yawa suka jeru ana kwafar su tare, ana kiran jerin oferon, a nan kuwa za a kira shi ayari. A goshin kowane ayari akwai wurin da inzayim mai kwafa ke sauka ya fara aiki. Wannan wuri shi ne makunni. Kuromosom shi ne babban zaren gado na bakteriya, filasmid kuwa ƙaramin zobe ne na DNA da ke zaman kansa, wanda bakteriya kan iya miƙa wa maƙwabciyarta.

Duk bakteriyar da za a ambata suna da tantani biyu da ke kewaye da su, na waje da na ciki. Sararin da ke tsakanin tantanin biyu, wanda masana ke kira feriflazam, za a kira shi zaure, domin ta nan baƙo ke bi kafin ya kai cikin gida. Akwai kuma al'adar rubutu da ya kamata a kiyaye: copA da ƙaramin baƙi sunan ƙwayar gado ne, CopA da babban baƙi sunan furotin ɗin da ta haifar ne.

2.0 Jan Ƙarfe: Abin Buƙata Kuma Guba

Bakteriya ba za ta iya rufe ƙofa ga jan ƙarfe baki ɗaya ba. Wasu daga cikin inzayim ɗin da take numfashi da su, irin waɗanda ke miƙa lantarki ga iskar oksijin a ƙarshen aikin samar da kuzari, ba sa aiki sai da shi. Abin da ya sa yake da amfani shi ne sauƙin da yake da shi na juyawa tsakanin Cu(I) da Cu(II), kuma wannan sauƙi shi ne tushen gubarsa. Idan ya yi yawa yana iya haifar da sinadarai masu ƙona furotin da kitsen tantani. Bugu da ƙari, jan ƙarfe ya fi yawancin ƙarafa riƙe furotin da ƙarfi, don haka yakan ture su daga mazauninsu. A 2009, Macomber da Imlay na Jami'ar Illinois suka nuna a jikin Escherichia coli cewa babbar ɓarnar da yake yi a cikin gida ita ce rushe ƙullin baƙin ƙarfe da farar wuta da wasu muhimman inzayim ke dogara a kai.

A kan ganye kuma, jan ƙarfen feshi ba ya zama a ma'auni ɗaya. Magungunan da aka fi amfani da su, kamar haidiroksaid da oksikulorid na jan ƙarfe, ba sa narkewa sosai. Suna bushewa a kan ganye su zama ɓawo, sai raɓa ko ruwan sama ya jiƙa su sannan su saki kaɗan. Binciken da Menkissoglou da Lindow suka yi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1991 ya nuna cewa mafi yawan abin da ya narke ɗin ma sinadaran da ganye ke fitarwa ne ke kama shi, kuma ɗan abin da ya rage a sake shi kaɗai ke kashe bakteriya. Ke nan bakteriyar da ke zaune a kan ganye tana fuskantar gubar da ke hawa da sauka: ta yi yawa bayan feshi, ta ragu bayan ruwa ya wanke, ta ɓace a kan sabon tofo.

A irin wannan yanayi, barin ƙwayoyin gadon juriya a buɗe kullum asara ce. Ƙera furotin yana cin kuzari, kuma tsare jan ƙarfe fiye da kima zai hana inzayim ɗin numfashi samun rabonsu. Barin su a rufe kuwa mutuwa ce ranar feshi. Mafita ita ce a sami mai gadi da zai riƙa auna jan ƙarfe, ya buɗe ayarin idan ya yi yawa, ya rufe idan ya ragu.

3.0 Tsarin CopRS a Pseudomonas syringae

Misalin da aka fi nazarta shi ne na Pseudomonas syringae pv. tomato, mai sa ƙananan baƙaƙen tabo a jikin tumatir. A 1987, Bender da Cooksey na Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside suka gano cewa juriyar zuri'o'in da aka samo daga gonakin Kalifoniya tana kan wani filasmid mai suna pPT23D, wanda tsawonsa ya kai kimanin harafin DNA 35,000. A 1988, Mellano da Cooksey suka karanta jerin haruffan, suka sami ƙwayoyin gado huɗu a ayari guda: copA da copB da copC da copD. Sun kuma nuna cewa makunni ɗaya ne a goshin ayarin, kuma zuba salfet ɗin jan ƙarfe ne ke sa a fara kwafar dukkan huɗun tare.

Aikin furotin ɗin ya bayyana a 1991 ta hannun Cha da Cooksey. CopA da CopC a zaure suke zaune, CopB yana jikin tantanin waje, CopD kuma yana jikin tantanin ciki. CopA guda ɗaya yana iya riƙe ƙwayar zarra ta jan ƙarfe kusan 11, kuma yana cikin dangin inzayim masu mayar da Cu(I) zuwa Cu(II), wanda bai kai na farkon saurin kutsawa cikin gida ba. CopC ƙarami ne, yana da mazauni biyu, ɗaya na Cu(I) ɗaya na Cu(II). Saboda yawan jan ƙarfen da ake tarewa a zaure, tsibin wannan bakteriya yakan koma shuɗi a kan farantin gwaji. Wani gwaji na 1993 ya ƙara haske a kan dalilin da ya sa ake kwafar ayarin a dunƙule: da aka sa copC da copD su kaɗai a cikin bakteriya, ba tare da copA da copB ba, sai ta riƙa shigar da jan ƙarfe fiye da da, ta kuma fi saurin mutuwa. Wato rabin ayarin ya fi rashinsa illa.

Mai gadin ya fito fili a 1993, lokacin da Mills da Jasalavich da Cooksey suka gano ƙarin ƙwayoyin gado biyu, copR da copS, daf da bayan copD. Waɗannan biyu suna da nasu makunnin na daban, wanda kullum a kunne yake. Hikimar a bayyane take, domin mai gadin da sai an ga ɓarawo ake tayar da shi ba shi da amfani. CopS da CopR suna cikin dangin da ake kira tsari mai sassa biyu. CopS yana ratsa tantanin ciki, kansa a zaure, ƙafarsa a cikin gida. Bisa ƙiyasi da sauran 'yan wannan dangi, idan jan ƙarfe ya kama kan CopS, ɓangarensa na ciki yakan ɗaura wa kansa fosfet a kan amino asid ɗin histidin, sannan fosfet ɗin ya koma kan CopR. CopR mai ɗauke da fosfet yakan je ya zauna a wani ɗan gajeren jerin haruffa da ke kusa da makunnin copA, wanda aka gano a 1994 aka kuma sa masa suna akwatin cop. Zamansa a nan ne ke jawo inzayim mai kwafa.

Nazarin da aka yi a 2020 a kan 'yar uwarta Pseudomonas aeruginosa, mai cutar da mutane, ya nuna ɗaya fuskar aikin. A can, idan babu jan ƙarfe, CopS ne ke cire fosfet daga jikin CopR don ya hana shi aiki. Da aka cire copS gaba ɗaya sai ƙwayoyin gadon suka kasance a buɗe ko da babu jan ƙarfe. Ke nan rufewar ma aiki ce da ake yi da gangan.

4.0 Furotin CopL a Xanthomonas

An daɗe ana zaton cewa duk bakteriyar tsirrai haka suke yi, tun da ƙwayoyin gadon copA da copB na Xanthomonas sun yi kama da na Pseudomonas. A 2005, Voloudakis da Reignier da Cooksey suka duba zuri'ar Xanthomonas mai cutar da tumatir da tattasai, wadda a lokacin ake kira X. axonopodis pv. vesicatoria, suka tarar da wani abu dabam. Maimakon copR da copS, sai ga wata ƙaramar ƙwayar gado a gaban copA, wadda suka kira copL. Furotin ɗinta amino asid 122 ne kacal, kuma yana cike da histidin da sisteyin, waɗanda su ne amino asid ɗin da aka sani da kama jan ƙarfe.

Hujjar cewa copL ce ke riƙe da makullin ta fito ta hanyoyi da yawa. Da aka yanke wani ɓangare nata, ko aka gurɓata tsarin karanta ta, ko aka sauya haruffan da ake fara ƙera furotin ɗin da su, sai jan ƙarfe ya daina kunna copA. Da aka lalata ta a cikin zuri'a mai juriya, sai zuri'ar ta koma mai jin magani. Wani abin lura shi ne, sanya lafiyayyar copL a wani wuri dabam a cikin bakteriyar bai gyara lalatacciyar ba, abin da ke nuna cewa zamanta daf da copA yana cikin sharaɗin aikinta.

Irin wannan tsari ne ke aiki a Xanthomonas citri, mai haddasa gyambon lemo. An fara ganin zuri'arta mai juriya a Ajantina a 1994. A 2011, Behlau da abokan aikinsa suka nazarci wata zuri'a daga can, suka sami jerin ƙwayoyin gado a kan filasmid, kuma copL da copA da copB ne suka fi muhimmanci a cikinsu. Sun kuma nuna cewa a kan kuromosom akwai wasu makamantansu, waɗanda suka kira cohL da cohA da cohB, kuma ana samun su har a zuri'o'in da feshi ke kashewa. Aikin waɗannan shi ne daidaita ɗan jan ƙarfen yau da kullum, ba su isa su kare bakteriya daga feshi ba. Wannan bambanci tsakanin daidaitawa da juriya zai sake tasowa idan aka zo batun gwaji.

5.0 Mai Gadin Cikin Gida: Dangin CueR

CopS yana sa ido ne a zaure. Jan ƙarfen da ya tsallake ya kai cikin gida kuwa wani mai gadi ne ke jiransa. An fi saninsa da suna CueR a jikin E. coli, kuma yana cikin dangin MerR, waɗanda hanyar aikinsu ta bambanta da ta CopR. A makunnin da aka saba, tazarar da ke tsakanin wurare biyun da inzayim mai kwafa ke riƙewa harafi 17 ce. A makunnin da CueR ke tsaro harafi 19 ce, don haka wuraren biyu ba sa fuskantar gefe guda, kuma inzayim ɗin ba ya iya fara aiki sosai. CueR yana zaune a wannan tazara ko da jan ƙarfe ko babu. Idan Cu(I) ya shiga tsakanin sisteyin biyu na jikinsa, sai ya murɗa zaren DNA har wuraren biyu su daidaita, kwafa ta kankama. Furotin guda ne ke rufewa, shi ne kuma ke buɗewa.

A 2003, ƙungiyar O'Halloran ta Jami'ar Northwestern ta auna kaifin jin CueR, ta sami cewa yana amsawa ga Cu(I) a ma'aunin 10⁻²¹ na mol a kowace lita. Wannan ma'auni ya yi ƙasa ƙwarai da ƙwayar zarra ɗaya a cikin bakteriya guda. Ma'anarsa ita ce ba a barin jan ƙarfe ya yi yawo a sake a cikin gida ko kaɗan. Kullum yana hannun wani furotin.

A cikin masu cutar da tsirrai, an tabbatar da irin wannan tsari a Agrobacterium tumefaciens, mai sa ƙari a gindin itatuwa. Masu bincike a Tailan sun bayyana a 2009 cewa tana da ayarin copARZ, wanda jan ƙarfe da azurfa ke kunnawa ta hannun wani furotin ɗan dangin MerR. A nan akwai tarkon suna da ya kamata mai karatu ya kiyaye. CopA na Agrobacterium da na E. coli famfo ne da ke ƙona kuzari ya fitar da Cu(I) daga cikin gida zuwa zaure, alhali CopA na Pseudomonas syringae da Xanthomonas inzayim ne na zaure. Haka ma CopR na Agrobacterium ba shi da dangantaka da CopR na tsari mai sassa biyu. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

6.0 Sarrafa Ƙwayoyin Gadon Mai Masauki

Ba feshi kaɗai ke kawo jan ƙarfe ba, tsiro ma yana ɗauke da shi a jijiyoyinsa na ruwa. Xanthomonas oryzae pv. oryzae, mai ƙona ganyen shinkafa, a cikin waɗannan jijiyoyi take hayayyafa. A 2010, masu bincike a Jami'ar Aikin Gona ta Huazhong da ke Wuhan a ƙasar Sin suka nazarci zuri'ar PXO99, wadda jan ƙarfe ke saurin yi wa illa. Sun gano cewa tana kunna wata ƙwayar gado ta shinkafar kanta mai suna Xa13. Furotin ɗin da ke fitowa yana haɗa kai da wasu furotin biyu na shinkafa masu jigilar jan ƙarfe, COPT1 da COPT5, su kwashe jan ƙarfe daga jijiyoyin ruwa. Bakteriyar ta samu wurin zama mara guba ba tare da ta ƙera garkuwa tata ba. Shinkafar da makunnin Xa13 nata ya sauya yadda bakteriyar ba za ta iya kunna shi ba tana jure wa wannan zuri'a, kuma masu ƙirƙiro iri suna amfani da wannan siffa.

7.0 Yaɗuwar Juriya da Matsayin Makunni

Ƙwayoyin gadon juriya suna tafiya daga bakteriya zuwa bakteriya, kuma saurin tafiyar na iya ba da mamaki. A 2010 cutar gyambon kiwi, wadda Pseudomonas syringae pv. actinidiae ke haddasawa, ta shiga ƙasar Niyu Zilan. Zuri'a ɗaya ce ta shiga, kuma jan ƙarfe yana kashe ta a lokacin. Manoma suka duƙufa da feshi. Da Colombi da abokan aikinta suka gwada samfuran da aka tattara a 2015 da 2016, sai suka tarar kashi ɗaya bisa huɗu sun zama masu juriya. Bakteriyar ta karɓo ayarin copABCD da wasu famfunan fitar da ƙarafa ne ta hanyar filasmid da wasu guntayen DNA masu shiga kuromosom su kuma fita, irin waɗanda ake samu a jikin sauran bakteriyar da ke zaune a kan ganye.

Amma karɓar ƙwayar gado ba ta wadatar ba sai sabon gidan ya iya karanta makunninta. Nazarin 2005 da aka ambata ya nuna cewa makunnin cop na Pseudomonas ba ya aiki a cikin Xanthomonas, na Xanthomonas ma ba ya aiki a cikin Pseudomonas ko E. coli. A tsakanin 'yan dangi ɗaya kuwa hanya a buɗe take. Nazarin 1993 ya gano cewa Pseudomonas da dama, har da waɗanda ba su da juriya, suna da makamantan copR da copS a kan kuromosom, kuma waɗannan suna iya kunna makunnin da ya zo a kan filasmid. Wato mai gadi yana nan tun kafin kayan su iso. Wannan yana taimakawa wajen fahimtar dalilin da ya sa aka fi samun ayarin copABCD a Pseudomonas, copLAB kuma a Xanthomonas.

8.0 Abin da Wannan Ke Nufi a Gona da Ɗakin Gwaji

Abu na farko ya shafi ƙarfin feshi. Tun 1991, Andersen da Menkissoglou da Lindow suka nuna cewa zuri'ar Pseudomonas syringae mai juriya da ta fara haɗuwa da ɗan jan ƙarfen da bai isa kisa ba tana iya tsira daga ma'aunin da ya fi haka nesa. Idan aka auna wannan da yanayin ganye, za a ga cewa ragowar feshin da ya gabata tamkar gargaɗi ne ga bakteriya kafin feshi na gaba. Haka kuma manomin da ya tsinka magani da ruwa fiye da ƙa'ida don ya kai masa ƙarshen gona yana kashe marasa juriya ne, ya bar masu juriya da makunninsu a kunne, ga kuma fili babu abokan gasa.

Ƙara yawan magani ma yana da iyaka. Jan ƙarfe mai yawa yana ƙona ganye da fatar 'ya'yan itace, kuma ba ya ruɓewa a ƙasa. A tsofaffin gonakin inabi na Turai akan sami ɗaruruwan miligiram a kowane kilogiram na ƙasa. Saboda haka a 2018 Tarayyar Turai ta ƙayyade amfani da shi zuwa kilogiram 28 a kowace hekta cikin shekara bakwai, wato matsakaicin kilogiram 4 a shekara. Haɗa shi da maganin mankozeb, wanda Marco da Stall suka nuna yana ƙara yawan jan ƙarfen da ke narkewa, ya daɗe yana taimakon manoman Fulorida, amma Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izinin mankozeb a ƙarshen 2020.

Abu na biyu ya shafi gwaji. An saba ɗaukar Xanthomonas a matsayin mai juriya idan ta tsiro a farantin da ke ɗauke da miligiram 200 na salfet ɗin jan ƙarfe a kowace lita, wato milimola 0.8. Sakamakon ya dogara da abincin da ke cikin farantin, domin abinci mai yawan amino asid yana kama jan ƙarfe ya rage masa kaifi. Ya kuma dogara da ko an fara ɗanɗana wa bakteriyar ɗan jan ƙarfe kafin gwajin, tun da wadda ba a kunna ba tana iya bayyana kamar mai jin magani. Gwajin neman ƙwayar gado kai tsaye shi ma yana da wuraren tuntuɓe biyu. Idan ba a tsara shi da kyau ba zai iya kama coh na kuromosom a ɗauka cop ne. Idan kuma copL kaɗai yake nema, zai tsallake zuri'ar da ke ɗauke da wani tsari dabam, kamar wata zuri'ar X. citri daga Ajantina da aka bayyana a 2017 tana ɗauke da copABCD.

Abu na uku ya shafi ƙasashen da ke sayen iri da dashe daga waje. Bakteriyar ɗigo-ɗigon tumatir da tattasai tana bin iri, ta gyambon lemo da ta mangwaro kuma suna bin dashe, kuma an tabbatar da waɗannan cututtuka biyu na itatuwa a ƙasashen Afirka ta Yamma irin su Mali da Burkina Faso. Filasmid yana tafiya tare da bakteriyar da ke ɗauke da shi, saboda haka juriya tana iya sauka a fadamar da ba a taɓa fesa wa jan ƙarfe ba, ta zauna shiru sai ranar da aka fara feshi. Ga mai noman tumatir a Kadawa ko tattasai a Diffa, tsaftar iri ta fi kowane feshi araha. Sauran matakan da ba su bi ta kan jan ƙarfe ba sun haɗa da juya shuka, da guje wa aiki a gona lokacin da ganye ke jiƙe, da shingen itatuwa mai kare lemo daga iska, da iri mai jure cuta, da magungunan da ke zaburar da garkuwar tsiro irin su asibenzola. Kowane ɗaya daga cikinsu yana rage yawan feshin da ake buƙata.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi yadda bakteriya masu cutar da tsirrai ke auna jan ƙarfe kafin su buɗe ƙwayoyin gadon juriya. A Pseudomonas syringae, CopS yana ji daga zaure ya isar wa CopR. A Xanthomonas, ƙaramin furotin CopL ne sharaɗin kunna copA. A cikin gida, dangin CueR suna murɗa DNA da zarar Cu(I) ya bayyana. Wata zuri'ar cutar shinkafa kuwa tana juya ƙwayoyin gadon tsiron ne domin a kwashe mata gubar. Abin da ya haɗa hanyoyi ukun farko shi ne cewa maganin da kansa ne ke tayar da garkuwar da ke kare bakteriya daga gare shi. Don haka tsawon lokacin da jan ƙarfe zai ci gaba da amfani ya rataya a kan fesa shi a cikakken ma'auni, a lokacin da ya dace, ba kuma fiye da buƙata ba, tare da gwajin da ya yi la'akari da cewa juriya tana iya kasancewa a rufe ranar da aka ɗauki samfur.